Baƙin Ramin Farfesa Falalu

"Turawa suna can suna ƙona biliyoyi wajen nemansa a sama, ni kuwa a gindin rumbuna na same shi."

Malam Falalu ke nan, mai gyaran rediyo a Dutse, wanda ya raɗa wa kansa suna Farfesa. Ka san irinsu, da ya ji kan zance sai ya ƙera masa ƙafafu.

'Yarsa Asma'u ce ta jawo. Tana karatun kimiyya a jami'a, sai ta ba shi labarin wani nauyi da ba a gani, wanda ya riƙe taurari kada su watse. Ta ce wasu masana na zaton ƙananan baƙaƙen ramuka ne da suka samu tun farkon halitta, masu haɗiye duk abin da ya matso.

"Shi ya sa gyaɗata take ƙarewa," in ji Farfesa, ya tuna wani rami da ke gindin rumbunsa. "Har da cokulan gidan nan."

"Baba, ai ba irin wannan ramin ba ne."

"Ke a littafi kika gani, ni da idona."

Ranar Asabar gogan naka ya tara unguwa har da surukinsa, ya gayyato malamar Asma'u, Dakta Khaulat. Ya ɗaure wayarsa da zare, ya zura ta cikin ramin don ɗaukar hoto. Zaren ya fizge.

"Kun ga ƙarfin jan? Wannan ya girmi duwatsun garin nan."

Zare ya dawo ba waya, bakinsa a gaigaye.

"Farfesa, abin naka haƙora gare shi?" in ji maƙwabcinsa Yahuza.

"Jahilci ciwo ne. Ku kawo ruwa ku gani, teku ma ba za ta cika shi ba."

A bokiti na uku rami ya tumbatsa. Sai ga ƙatuwar gafiya jiƙe sharkaf, ta rasa mafita, ta shige ƙafar wandon Farfesa. Ran nan aka san ya iya rawa. Ya yi tsalle, ya kira uwarsa, ya tsinke mazagi ya yar da wando a gaban Dakta, da surukinsa, da wayoyi ashirin masu ɗauka.

Daga bayan rumbu ya leƙo yana haki.

"Dakta, a rubuta dai ni na fara ganowa."

Dakta ta rufe fuska da mayafi.

"Ku biyu za a rubuta," in ji Yahuza. "Kai ka gano raminta, ita ma ta gano naka."