Yadda Kakata Ta Gyara wa Girkawa Garinsu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yaye zanen Kaka daga kan birnin Girkawa a gaban 'yan ajinmu da iyayensu ba. Da ƙasa tana da tausayi, da a ranar ta tsage na shige.

Ina aji goma a makarantarmu ta Amurka a lokacin, kuma makina a darasin Tarihi yana kwance rai a hannun Allah. Malaminmu Mista Holt ya ce kowa ya ƙera ɗan ƙaramin samfurin wani tsohon gari, a baje su a zauren wasanni na makaranta, iyaye su zo kallo. Ni aka ba ni birnin Girkawan dā. Ya ja ni gefe ya ce idan na faɗi wannan aikin, karatun bazara ya kama ni. Baba kuwa ya riga ya kafa doka: mai karatun bazara ba zai bi mu Kano bikin Yaya Sadiya ba, zai zauna a birnin Greensboro, kusa da mu, yana yi wa Kawu Isa yankan ciyawa.

Sati shida aka ba mu. Biyar na kashe ina buga ƙwallo a talabijin. Amma kada ku ɗauka ban karanta komai ba, na karanta shafi ɗaya da rabi. Na san Girkawa suna jan titunansu ɗoɗar, suna gicciye juna kamar layin littafin lissafi. Na san a tsakiyar gari akwai fili mai suna agora, inda ake ciniki da gardama (mutanen da suka ware fili musamman don surutu, ai 'yan uwanmu ne). Na san haikalinsu yana kan tudu, zagaye da ginshiƙai. Da wannan ɗan ilimin na cika ajinmu da baki, har na ce musu gini a jininmu yake.

Ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba. Kaka, mahaifiyar Baba, maginiyar tukwane ce daga wani ƙauye kusa da Zariya. Ta zo ne da Mama ta haihu, kuma zaman ƙauyenmu McLeansville ya ishe ta. Ba maƙwabta, ba mai sallama, sai motoci da kurege. Abu ɗaya ne ya burge ta a Amurka duka: jar ƙasar bayan gidanmu. Kullum sai ta damƙo ta murza, ta ce, "Yumɓu kamar wannan, an bar shi ciyawa na ci."

Sai Shaiɗan ya dafa kafaɗata.

Na same ta da wayata da wani faffaɗan katako. "Amaryata, wani ɗan taimako za ki yi wa mijinki."

"Miji ko ragon maza? Tun da na zo ko goro ban gani ba. Mene ne?"

Na nuna mata hoton haikalin. Ta kai wayar nesa, ta dawo da ita kusa. "Wannan rumfa ce?"

"Haikali ne, Kaka. Duk duniya ana zuwa kallonsa."

"Ina bangon?"

"Haka yake."

"Allah sarki. Sun kafa dirkoki, damina ta riske su."

Na nuna mata zanen titunan. Nan ta riƙe haɓa. "Layi ɗoɗar haka? Ɓarawo ya shiga gari ya fita ko haki ba ya yi? Mace ta leƙo ƙofar gidanta, na ƙarshen gari ya san kalar mayafinta?"

"Ke dai yi yadda yake a hoton."

"To, maigida," in ji ta.

Duk wanda ya tashi gaban tsohuwa ya san akwai "to" iri-iri. Ni ban tsaya tantance wacce aka ba ni ba, na koma ƙwallona. Kwana huɗu tana gareji tana aiki. Da ta gama ta lulluɓe shi da zane, ta ce kada a buɗe iska ta tsattsaga shi. (Wannan ce doka ɗaya tilo da na taɓa bi a rayuwata ba gardama.) Baba kuwa ya ɗauka tare muke yi, har yana faɗa wa Mama na fara hankali.

Ranar Juma'a da yamma muka isa makaranta, ni da Baba da Kaka, wadda ta ci kwalliya kamar mai zuwa suna. Wani ya yi dalar Masar da kwali, wata ta yi Rum da soso. Na dube su da tausayi. Da Mista Holt ya iso teburina, jama'a na biye da shi, na gyara murya na yi jawabi kan tituna miƙaƙƙu, da tsari, da hikimar Girkawa. Sannan na fizge zanen kamar mai buɗe sabuwar gada.

Jama'a, Zariya ce.

Ganuwa ta zagaye garin, da ƙofofi huɗu. Tituna sun zama lunguna, sun murɗe kamar taliya. Kowane gida da zaurensa, da tsakar gida, da rumbu. Agora ta samu rumfuna da teburin mahauta. Haikalin kuwa ta tausaya wa Girkawa ta ƙarasa musu: ta cike tsakanin ginshiƙan da bango, ta kafa zankwaye a kusurwoyi, ta ajiye 'yar buta a bakin ƙofa. Filin wasan kwaikwayonsu mai matakala, wanda na nuna mata a gurguje, ta zuba awaki uku a ciki.

Mista Holt ya durƙusa yana leƙawa. Ya daɗe. Sai ya ɗago, fuskarsa na walƙiya, ya ce, "Titunan ba daidai ba ne. Amma gidajen! Yawanci ɗalibai ba sa lura cewa gidan Bagirke baya yake juya wa titi, ɗakuna na kallon tsakar gida, ɗakin baƙi maza a ware. Ka yi bincike sosai. Faɗa mana, me suke kiran ɗakin baƙin?"

Kun ga igiya an jefo mini har cikin rijiya. Abin da ya rage kawai a ce na karanta shafi na biyu zuwa ƙarshe. Na dubi rufi, na dubi awaki, na manna wa zaure wutsiyar Girkanci, na ce, "Zauros."

Ana cikin haka wata yarinya ta kai yatsa kan rumbu. Kaka ta daka tsawa: "Kai, ce wa 'yar nan ta cire hannu! Kwana huɗu na yi ina ginin nan, bayana har yanzu bai miƙe ba, kai kana can kana danne-danne!"

Mista Holt ya tambaye ni me ta ce.

"Ta ce tana alfahari da ni."

Baba ya yi gyaran murya. Shi mutum ne da ko yaro ya tambaye shi lokaci, sai ya faɗa har da daƙiƙa. Ya fassara maganar Kaka tas, bai bar ko "danne-danne" ba, har da kwatantawa da yatsu.

Daga nan aka ture ni gefe. Kaka ta karɓi fili, Baba na tafinta. Ta bayyana dalilin murɗa lungu, da dalilin sa ƙofar zaure ta kauce wa ta cikin gida. Mista Holt yana rubutawa. Ya tambaye ta ra'ayinta kan ginin Girkawa, ta ce suna da ƙoƙari, sai dai ba su da sirri. Aka tafa mata. Ni kuma ina tsaye riƙe da zane kamar ɗan rakiyar amarya.

Sifili ya ba ni, da murmushi. Sai dai ya ce albarkacin Kaka ya ƙara mini kwana goma, in sake yi a gabansa, a lokacin cin abincin rana. Haka na zauna da yunwa ina manna ginshiƙan kwalin takardar bayi, ina jan tituna da rula, ina koyon bambancin ginshiƙi mai kai a fili da mai naɗi kamar ƙahon rago da mai ganye. Ɗakin baƙin kuma andron sunansa, ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Na haye da ƙyar, na je Kano. Amma labarin ya riga ni sauka, duk bikin ba wanda ya kira ni da sunana, sai Injiniya Bagirke.

Darasin da ya kamata in ce na koya shi ne mutum ya yi aikinsa da kansa, kuma na yarda. Amma tsakanina da ku, ga na biyu: idan har sai ka yi maguɗi, kada ka ba wanda ya fi ka sanin aikin, domin ba zai iya ganin kuskure ya ƙyale ba, ko da na Girkawa ne.