Ɗinkin Tudu na Uwargida Verlene

Duk wanda bai san Uwargida Verlene Hufstedler ba, to bai taɓa taka garinmu na Harlow Bend da ke ƙasar Amurka ba, ko kuwa ya shigo da kunnuwansa a toshe. Ita ce shugabar ƙungiyar matan da ke harhaɗa ƙyallaye suna ɗinkin bargo a ɗakin ƙasa na coci. Ita ta zaɓi kanta da kanta, don ta hutar da bayin Allah wahalar ɗaga hannu. Haka take da tausayi.

Sauran mata kekunan ɗinki gare su, irin na kan tebur. Verlene kuwa tana da injin nan mai dogon hannu, wanda ake naɗe bargo guda a kan sandunansa, a kama kansa a riƙa tuƙawa kamar babur. Ranar da aka kawo shi, motar mijinta Orval ta bar gareji ta koma kwana a waje cikin ƙanƙara. Ta raɗa wa injin suna Sarauniya, kuma ba a shiga wurinsa da takalmi. Maƙwabta suka laƙaba mata Uwar Dogon Hannu. Da ta ji, sai ta ɗauka sarauta ce, har ta sa aka rubuta mata a jikin kofin shayi.

Kada ku ce Sarauniya kowane aiki take yi. Orval yana da wani gajeren wando na ciki, ja mai zanen kifaye, wanda ba ya zuwa kamun kifi sai da shi, wai yana kawo sa'a. Wandon ya huje tun da daɗewa. Duk lokacin da ya kawo ƙoƙon bararsa, amsa ɗaya ce.

"Orval, dubi injin nan da kyau. Ya yi maka kama da mai facin tsumma?"

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Verlene a wuya, shi ne shuɗin ƙyallen da ake maƙala wa bargon da ya zo na ɗaya a bajekolin gunduma. Ta taɓa samun ja na matsayi na biyu, ta taɓa samun fari na matsayi na uku, shuɗin nan kuwa ya ƙi ta. A cewarta alƙalan ne ba su da ido. Bana ta rantse sai ta kawo shi gida.

To, matan ƙungiya sun kwashe lokacin sanyi kaf suna haɗa bargo guda na taurari, kowace da nata yankin. Har Lavonne Tietjen, wadda sanyin ƙashi ya lanƙwashe wa yatsu, ta yi nata tauraron tana cije leɓe. Abin da ya rage shi ne a haɗa fuskar bargon da auduga da farin shafi, a bi su da ɗinki. Wannan kuwa aikin Sarauniya ne.

Ranar da aka miƙa mata kayan, Verlene ta miƙe, ta ture farantin kek gefe, ta gyara murya.

"'Yan uwa mata, kun yi iya yinku, Allah ya saka. Amma faci kowa na iya yi, har jikata. Ran bargo yana hannun mai inji. Ku kuma riƙe wannan: shafin da ba a wanke ba, ba ya hawa kan Sarauniya. Haka aka koya mana a makarantar da na yi a birnin Omaha."

Makarantar nan an buɗe ta ranar Juma'a, an rufe kafin cocin Lahadi. Amma duk garin ya san Omaha kamar can aka haife mu.

Lavonne ta ce, "Ƙawata, ki bari mu zo mu taya ki naɗewa mana. Ai mutum biyu ke riƙe gefe, ɗaya na duba ƙyallen. Haka muka saba."

Verlene ta leƙo ta ta saman tabarau. "Lavonne, kin taɓa ganin likita ya kira 'yan dubiya su taya shi riƙe wuƙa?"

Mata dai kowacce ta kama shayinta.

A gida kuwa babbar malama ta tuna wutar lantarki ba kyauta ba ce. Sai ta haɗa farin shafin da wankin Orval, ta jefa cikin injin wanki, ta sake jefa su tare a injin busarwa. Kowa ya san yadda kaya ke fitowa daga cikinsa, suna tartsatsi suna manne wa juna kamar an shafa musu ƙaro. Ta ciro shafin a dunƙule, ta hau naɗe shi a sandar Sarauniya, tabarau a tsakiyar ka, waya a kunne, tana yi wa ƙanwarta bayanin bangon da za ta rataye shuɗin ƙyalle. Ta shimfiɗa auduga a kai, ta ɗora taurarin mata, ta kunna inji.

Orval ya leƙo daga bakin ƙofa, takalmi a hannu. "Verlene, ba ki ga wandona mai kifaye ba? Gobe za mu tafki."

"Ina tsakiyar aikin fasaha kana yi mini maganar wando? Ja mini ƙofa, iska na taɓa zare."

Ɗinki ya tafi sumul har aka kai tsakiyar bargo. Nan allura ta fara tari. Verlene ta shafa wurin, ta ji tudu, faɗinsa ya kai faranti babba. Da wata ce, da ta warware 'yan layuka ta zura hannu ta ga abin da ke ciki. Amma warware ɗinki na masu kuskure ne, ita kuwa ko tsinken warwara ba ta ajiyewa a gidanta. Ta tsaya ta yi tunani irin na manya, sai ta gane auduga ce ta taru don ta ba ta dama. Ai a Omaha an nuna musu hoton wani ɗinkin tudu na mutanen Italiya!

Sai ta kama kan inji ta bi gefen tudun nan a hankali. Ta zagaye shi, ta sake zagayewa, layi bayan layi, duk lanƙwasar da ya yi ta bi ta da aminci. Gaskiya a faɗe ta, ba ta taɓa yin ɗinki mai kyan wannan ba. Da ta ja baya ta duba, sai ta ga faffaɗan sama da reshe biyu a ƙasa.

Ta dafa ƙirji ta ce, "Malam-buɗe-littafi! Kai, Verlene, ke kam baiwa ce."

Ta naɗe bargon ta sa a jaka, ta hana kowa gani. Orval ya je tafki da wani wandon, ya dawo ko ƙaramin kifi babu.

Ranar bajekoli aka rataye bargon a babban zaure, tsakanin teburin masu gasar kek da ƙofar da ke fita rumfar aladu. Verlene ta sha kwalliya, ta tsaya gabansa kamar ita ce aka rataye. Jama'a suka taru, alƙaliya ta iso da farar safar hannu.

"Jama'a, abin da kuke gani a tsakiya ba a saba ganinsa a ƙauye ba," in ji Verlene. "Ɗinkin tudu ne, daga Italiya ya zo. Ba kowane ido zai gane shi ba, don haka kada wanda ya ji kunya."

Lavonne ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta matsa ta latsa saman tudun da ɗan yatsa, ya lotsa ya dawo.

"Ƙawata," ta ce, "malam-buɗe-littafin naki ƙugun roba gare shi?"

Verlene ta yi kamar ba ta ji ba. Alƙaliya kuwa ta yi abin da kowace alƙaliyar bargo ke yi, ta zaga baya don ta duba ɗinki ta wajen shafi. Ta daɗe a can. Daga baya sai aka ji wani sauti kamar ta ƙware da ruwa. Mata suka bi ta, maza suka bi mata. Farin shafin nan siriri ne, ga fitilun zaure sun haske shi. Ga ja ya fito raɗau, ga kifaye suna iyo a jere, an kewaye su da ɗinki kamar hoton biki.

Lavonne ce ta fara ƙyalƙyalewa. Ta riƙe ciki, ta jingina da bango, hawaye na zuba, ta manta da yatsu da sanyin ƙashi. Dariya ta kama zauren har masu aladu suka leƙo. Verlene ta buɗe baki za ta kira Omaha, Omaha ta ƙi zuwa.

Shuɗin ƙyallen dai wata mata daga can ƙarshen gunduma ta tafi da shi, da wani bargo marar tudu ko ɗaya. Amma ba wanda ya tsaya kallon nata. Layi aka yi a bayan na Harlow Bend, har ana ɗaga yara a kafaɗa.

Cikin layin nan ne Orval ya iso, riƙe da dafaffiyar masara tana ɗigar man shanu. Ya kai ta baki ke nan ya tsaya cak.

"Kai! Wandona!"

Verlene ta ce ta tsakanin haƙora, "Orval, rufe mini baki."

Ina! Ya goge hannu a riga, ya matsa, ya bi ɗinkin da yatsa har ya kai wurin da ya sani. Ya shafa, ya sake shafawa. Sai ya juyo wajen alƙaliya, ido ya ciko da godiya.

"Baiwar Allah, don Allah ki ba matata ƙyalle ko wane launi ne. Ni dai ta gama mini komai. Shekara da shekaru ina roƙo, yau ga shi Sarauniya da kanta ta ɗinke mini hujin."