Cikon Haƙorin Ya Kolo da Jan Fure

"...Gajiyar biki ta bi lafiya. Buɗe bakin mu gani, gaisuwar ta isa haka."

Ɗana Bakura ke nan, ya durƙusa gaban kakarsa Ya Kolo da ɗan madubinsa na asibitin haƙori. Ni ina tsaye ina cika ina batsewa. Mako biyu da suka wuce ya cike mata ramin haƙorin gaba, bayan cikon farko da wani ya yi mata ya saki ta gefe, abinci na shigewa ƙarƙashi har leɓe ya kumbura. Ya ce in wannan ma bai kama jikin haƙorin ba, sai cirewa. Ya hana ta fure da goro. Jiya a gidan biki na tsinci uwar tawa tsakiyar tsofaffi, tana dirzar furen taba kamar an aiko ta.

"Mazan mutane da zani suke zuwa," in ji ta, "nawa da madubi kamar cokalin shayi."

"Zani ga matar da ba ta jin magana? Hali zanen dutse."

"Ji mai neman abinci a ruɓaɓɓen bakin jama'a."

"Da naki na buɗe kasuwa."

"Ni 'yar Barno in shiga biki da farin haƙori kamar jaki? Me zan ce wa tsarana?"

"Ki ce haƙoran saura tara ne, kina tattali."

"Sha ɗaya. Ko ƙirge bai iya ba, wai likita."

Na ce, "Ya, ki bari ya duba. In aka cire haƙorin nan, ba shi zai zauna yana dama miki kunu ba, ni ce."

Ta harare ni, ta buɗe. Ya haska, ya bi gefen cikon da tsinken ƙarfe a hankali, sau biyu.

"Jan ya rina ko'ina, har dasashi," ya ce, "amma bai samu hanya tsakanin cikon da haƙorin ba. Da akwai 'yar kafa ko ta gashi ce, da ya zana layi. Ya kama."

Sai a lokacin na samu wuri na zauna.

"Ka gani? Na gwada maka aikinka kyauta. Tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Ɓarawo ya jijjiga kwaɗo, yana jiran a gode masa."

"To me ya hana wurin yin ja? Fari fat, kamar an liƙa mini ƙwayar shinkafa."

"Shi kaɗai ke jin maganata a bakin nan."

Dariya ta ƙwace mata har ta dafe tabarma. Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta danƙa masa dabino cikin tafi.

"Ungo, ka kayar da ni yau. Cinye duka, in naka ya ruɓe ka zo in cike maka da ƙaro."