Sifikokin da Kaza Ta Gada

Shekarar da riɗi ya yi mini kyau, na shiga Sinnar ina jin ba wanda ya kai ni wayo. Wani likita zai bar ƙasar, yana sayar da sifikokinsa guda biyu na katakon waje, irin waɗanda har numfashin mawaƙi ake ji a ciki. Na kwashe su, ina tausaya masa don bai san kasuwa ba.

Ranar kasuwar Abu Na'ama na shimfiɗa darduma, na jona batir, na ce jama'a su yi shiru su ji tsabtar sauti. A kasuwar da jakai ke kuka.

Kawu Isa ya kara kunne, ya ce, "Ɗana, in aka yi sanarwar rasuwa, masu cirar auduga can a gonakin hawasha za su ji?"

Na ce, "Kawu, wannan ta zaman ɗaki ce. Lumshe ido ake yi a saurara."

Ya ce, "Lumshe ido ai kyauta muke yi."

Mai lasifikar gwangwani da ke gefena ya sayar da nasa kaf kafin azahar. Ni kuwa har Dindir na kai su, ba wanda ya ko taya. Ɗaya mai ɗakina ta mai da ita teburin shayi. Ɗayar ɓera ya huda, kaza ta shige ta yi ƙwai.

Har yau in na doso majalisa, sai Kawu Isa ya ɗaga hannu: "Jama'a, a yi shiru, a lumshe ido. Ga shi nan tafe."