Rasuwar Gurnani, Dodon Gwangwani na Bagudo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba mai karaya ba, ni Bunyaminu mai gyaran keke na bakin kasuwar Bagudo nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu yi mini dariya, rasuwar dodona na gwangwani, wanda gari ya sani da suna Gurnani. Ya cika ranar Litinin da hantsi, cikin damina ta uku bayan samun mulkin kai, yana da shekara biyar a hannuna.

Asalin marigayin daga Dahomey yake. Na je Parakou sayen kayan keke, na shiga silima na ga wani ƙaton dodo ya fito daga teku yana tattake benaye kamar tururuwa. Washegari sai ga ƙaraminsa a kantin wani kwara, Balarabe ɗan kasuwa, kore shar, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, da makulli a gadon baya. Na ƙetaro da shi ta kan iyakar Lolo a cikin hulata.

Marigayin bai taɓa yi mini gardama ba. A murɗa makullinsa sau bakwai, sai ya ce kar-kar-kar, ya yi taku shida, ya buɗe baki ya ce garrr, tartsatsin wuta na fita. Ranar da Najeriya ta karɓi mulkin kanta na ɗaura masa 'yar tuta a hannu, ya yi maci a kan teburina, jama'a suka cika shago har kan hanya.

Ya sha tsangwama. An ce gemu da wasan yara ba su haɗuwa. Wasu suka ɗauke kekunansu suka kai Zagga gyara. Wanda ya fi kowa zafi shi ne surukina, Malam Ɗanaudu, wanda ya rantse gunki na ajiye, ya zo har gida zai tafi da 'yarsa Kubura, matata.

"Ɗauko kayanki mu tai," in ji shi. "Ba ni barin ki gidan da anka aje wanga abu."

Kubura ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mazan wasu caca ta ɗauke musu hankali, nawa gwangwani ne. Ina nan."

Shekara biyu Malam bai taka ƙofar shagona ba. In ya zo wucewa sai ya kau da kai.

Ciwon ajali ya faro da tsatsa a ƙafar hagu bayan ruwa ya yi mana yoyo. Taku shida ya koma huɗu, murya ta dishe. Na yi jinya da man keken ɗinki, ya ɗan farfaɗo. Ranar Litinin ɗin nan na fita kai wa wani kekensa, na bar shago a buɗe. Da na dawo sai na tarar da Malam Ɗanaudu zaune a kan bencina, Gurnani a tafin hannunsa, makulli na juyawa fayau ba ya kama komai. Ya murɗa ya wuce ƙa'ida, ƙarfen ciki ya tsinke.

Na gaishe shi kamar yadda aka saba. Ya ɗago kai ya ce, "Malam Bunyaminu, kowa ya ga wutar nan sai ni. So nike in gani da idona. Taku biyu ya yi, sai ya ce ƙas."

Na ce, "Baba, kwanansa ne ya ƙare."

Na kai shi wurin mai gyaran agogo a Birnin Kebbi, ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai.

Marigayin ya bar ƙanne biyu: dodon roba mai ido ɗaya da wani mai fiffike da ba ya motsi tun fil azal. Ya bar hotunan silima tara manne a bango, da makullinsa, da ni.

Ga masu cewa yanzu Bunyaminu zai yi hankali, ina sanar da ku kada ku wahalar da bakinku. Ban saci na kowa ba, ban fasa salla ba, iyalina ba su kwana da yunwa. Na riga na aika Hassan direba ya dubo mini wani a Cotonou, in da hali mai kai biyu.

Ba za a yi masa salla ba, don ba mutum ba ne, kuma na san addinina. Ba za a binne shi ba, don ƙasa ba ta isa ta ci shi ina raye ba. Ranar Alhamis bayan la'asar za a ɗora shi a kan kanta mafi tsawo a shagona, yana fuskantar hanya, bakinsa a buɗe. Malam Ɗanaudu ne zai ɗora shi, shi ya nemi hakan da kansa. Kubura za ta dama fura, akwai goro.

Mai ta'aziyya ya zo. Mai dariya ma ya zo, akwai benci, amma ya taho da kekensa.