Ranar da Na Share wa Baƙi Abin da Suka Zo Gani

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da yake na so in manta. Tun farko in faɗa, wawan labarin ni ne. Amma ku bari in gama kafin ku yi dariya, don har gobe ina da hujja.

Ni ke kula da lambun Madam Ngozi a unguwar Rayfield ta Jos, tsohuwar malamar kimiyya da ta yi ritaya ta rasa abin yi sai leƙen ƙwari. Duk abin da ya motsa a gidan nan, tsuntsu ko ƙadangare, sai ta ɗauki hotonsa ta tura wa ƙungiyarsu ta masu rubuta halittu. Ni ma ta ba ni littafi in riƙa rubuta abin da na gani (aji huɗu na yi a firamare, amma a wancan zamanin aji huɗu ba wasa ba ne).

Da damina na tsinci wasu tsutsotsi bakwai a jikin fulawar bakin katanga, koraye, kauri kamar babban yatsana, kowace da ƙaho a wutsiya. Da ni kaɗai ne, da kaji sun yi kalaci. Madam kuwa har rawa ta taka. Ta ce 'ya'yan malam-buɗe-littafin nan ne mai zagaya fitila, amma ba wanda ya tabbatar ko wane iri ne sai sun yi fiffike. In kuma sabo ne a Jos, sunana za a rubuta a matsayin wanda ya gano shi. Kafin sati ya zagayo, duk majalisarmu ta Nasarawa Gwom ta san na kusa shiga tarihi.

Sai ga saƙo, wata Dakta daga jami'a za ta zo ranar Asabar ta gani. Ranar Alhamis tsutsotsin suka ɓace. Na rubuta a littafi da babban baƙi cewa tsuntsaye sun cinye su, na ɓoye maganar don kada ran Madam ya ɓaci da wuri.

To yanzu ku gaya min, a ina aka taɓa tarbar baƙo da ƙazanta? Ranar Asabar da sassafe na ɗauki tsintsiya na share gindin fulawar nan ƙal, na tara busasshen ganyen a can bayan gidan na cinna masa ashana. Na sa sabuwar hula.

Dakta ta iso, na miƙa mata littafin cikin alhini. Ta karanta ta yi murmushi, ta ce ba tsuntsu ba ne, albishir ne. Wai in tsutsar ta ƙoshi, sauka take ta shige cikin busasshen ganye ta kwanta, daga nan take fitowa da fiffike. Ta durƙusa a gindin fulawar, ta ga ƙasa tas kamar tsakar masallaci.

“Baba, ina ganyen da ke nan?”

Hayaƙin da ke tashi a bayan gidan ne ya ba ta amsa. Muka taka mu uku muka tsaya a kan toka, Madam na tona ta da ƙaramin kara.

Na dai koyi cewa wani baƙon, shara yake zuwa gani. Amma a lokacin ban rusuna ba. Na gyara hula, na ce tsutsa mai hankali ba ta kwana a bola, kuma ba wanda ya sanar da ni cewa masu digiri ƙazanta suke bi.

“Madam, shekara talatin ina sharar lambu a garin nan, ba wanda ya taɓa kawo ƙarata.”

Ba ta ko ɗago kai daga tokar ba.

“Wa zai kawo, Baba? Duk ka ƙone su.”