Ranar Da Na Kyautar Da Ƙodata A Kan Dabino

Ko da zan manta da komai na zamana a Riyad, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je sabunta lasisin tuƙi ba.

Shekarata tara ina jan motar kayan gwari a kasuwar Aziziya. A ɗakinmu mu shida ne, kuma ni ne masanin takardu. Duk wanda iƙamarsa (katin izinin zama) ta kusa ƙarewa, ko kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya aiko masa da wata takarda, wurina yake zuwa. Sai in gyara zaman hula, in juya ta gaba da baya, in ce, "Ba komai, sa hannu." (Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, Larabcina na kasuwa ne. Baƙi kam ina haɗawa in da wasali, amma ma'ana sai dai in dubi hoto.) Wannan girman shi ne duk jarina a garin, kuma ina ji da shi.

A ranar na tafi da Isufu, wani sabon zuwa daga Maradi, mutum shiru-shiru, wai don ya ga yadda ake shiga ofis. Tun a mota nake ba shi karatu.

"Isufu, ƙasar nan doka ɗaya ce. Duk inda ka ga tebur da mai farar jallabiya, ka miƙa iƙama, ka ce tamam, wato daidai ne, ka sa hannu. Mai yawan tambaya shi ake cewa ya dawo gobe."

Ya ce, "To, Alhaji."

Mun karɓi lamba ke nan sai na hango wani tebur kusa da ƙofa, da butar gahawa da faranti cike da dabino. Wani mutum baƙi kamarmu, cikin farar jallabiya, ya yafito mu. Na ɗauka sabon mataki ne aka ƙara a harkar lasisi. Na zauna, na sha gahawa, na kai hannu faranti. Ya yi ta bayani, ni kuma ina ta gyaɗa kai ina tamam, tamam. Har sau biyu ya tsaya ya tambaye ni ko na fahimta. Na saci kallon Isufu, na ce, "Miya bil miya!" Wato ɗari bisa ɗari.

Ya nuna mini wasu akwatuna a wayata ya ce in zaɓa. To ni ɗan ci-rani ne, na san illar barin akwati ba a cike ba. Na danna su kaf. Mutumin ya miƙe ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta sa mini albarka, ya ba ni wata 'yar takarda. A raina na ce, kai, ma'aikatan bana akwai ladabi.

Da muka koma kujera na miƙa wa Isufu takardar ya riƙe mini. Sai na ga leɓensa yana motsi. Can ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, Allah ya karɓa. Ban san ka kai haka ba."

"Na kai ina?"

"Ƙoda, hanta, zuciya, huhu, har da idanu. Duka ka bayar."

Ashe bawan Allah ya shekara goma yana karatun littattafai a zaure. Ya buɗe baki zai ƙarasa, amma ina! Ni na riga na tashi. Innalillahi! Duk labaran yankan ƙoda da ake turowa a waya suka dawo mini a lokaci ɗaya. Na dafe kwiɓina da hannu (ɓangaren da ƙodar take ma ban sani ba, na dai dafe), na nufi teburin nan takalmina ɗaya a baya. Larabcin ya gudu ya bar ni, sai Hausa tsantsa.

"Ɓarayin ƙoda! A kan dabino uku za ku saye mutum? Ko akuya ba a sayenta haka! Ina da 'ya'ya biyar a Kano! Wallahi ba mai yanka ni!"

Mai gadi ya taso. Na saki baki sosai, don na tabbata ba mai jin abin da nake faɗa. Mutumin ya bari sai da numfashina ya ƙare, sannan ya tsiyaya ruwa a kofi ya miƙo mini.

"Alhaji, sannu. Zauna ka sha ruwa. Dabino huɗu ka ci, ba uku ba."

Da Hausa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe kakansa Bakatsine ne da ya zo aikin hajji a ƙasa, bai koma ba. Ya yi mini bayani a hankali cewa ba mai taɓa ni muddin ina raye, magana ce ta bayan rai, kuma ba ta da alaƙa da lasisi. In na so, yanzu ma sai a goge. Sannan ya dafa kwiɓinsa (ta baya ne ashe) ya ce ƙodar da ke jikinsa ba da ita aka haife shi ba. Ya shekara shida ana yi masa wankin ƙoda, kafin a dasa masa ta wani mamacin da ko sunansa bai sani ba.

Sai na ga Isufu ya matso. Ya yi wa mutumin tambayoyi uku da Larabci mai kyau, ya saurari amsa, sannan ya miƙa iƙamarsa.

"Rubuta ni. Ƙanwata a wurin wankin ƙoda ta rasu."

Ɗaki ɗaya muke kwana wata biyu, ban taɓa tambayarsa ba. Nan kunya ta biyu ta rufe ni, kuma ta fi ta farko ciwo.

Mutumin ya nuna wayata. "A goge, Alhaji?"

A gaban jama'a, da takalmi ɗaya, na ce wa Isufu ya karanta mini takardar daga farko, layi-layi. Har aka kira lambata ta wuce. Da ya gama na ce a bar shi yadda yake. A kan idanu ne kawai na ɗan yi jim.

Isufu ya ce, "Bar su, Alhaji. Wataƙila wanda zai gada ya yi karatu da su."

Yanzu a ɗakinmu wurin Isufu ake kai takardu, har da nawa. Ni kuma sunana ya koma Alhaji Tamam. In aka tambaye ni ko na fahimta, na koyi cewa a'a. Dabinon ofis kuwa ina ci har yanzu, amma sai an gama bayani.